Sha'awa Na Ce, Ashe Ƙishi Ne

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na yarda in rubuta ta, domin ciwon da zan ba da labarinsa ba irin wanda ake tashi a masallaci a ce a sa mutum a addu'a ba ne. Sai da na nemi izinin mai ciwon, yayana Habu. Ya ce in rubuta, amma kada in wanke kaina a ciki. Ya san halina. To ga shi yadda ya faru, ko Allah zai sa wani mai jinya ya tsallake ramin da na faɗa.

Yaya Habu ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya bar makaranta ya shiga aikin kuku a gidan wani babban ma'aikaci a Kano, ni kuma na ci gaba da karatu a kan guminsa. Maigidan nasa ne ya taho da shi Landan, da wa'adinsa ya cika ya koma, Yaya ya tsaya. Ya sha wuya kafin takardunsa su daidaita, sannan ya samu aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a wajen Aldwych, ya kama ɗaki a Dagenham. Aurensa ya mutu tun da daɗewa. Ni na biyo baya da karatu, na yi aure, muka zauna a Barking da matata Zainab. Aikina fassara ne da tafinta, ƙaramar hukuma da kotu sukan kira ni. Ina ji da Hausata, kuma ba na ɓoyewa. Yaya kuwa Turancinsa na kicin ne: hot, behind, yes chef, sai ɗan abin da zai hau bas ya sauka. Furofesa yake ce min, rabi wasa rabi gaske.

Alamun sun daɗe a gabana, ni ne ban karanta su ba. In ya zo cin abinci ranar Lahadi cokali yana rawa a hannunsa, sai ya ajiye ya ce tuwo ba ya son cokali. Farin idonsa ya fara komawa ruwan ɗorawa. Kullum da kanumfari a bakinsa. Zainab ta taɓa cewa, "Anya Yaya lafiya yake kuwa?" Na ce gajiyar kicin ce, mutum ne da yake wuni a tsaye a gaban wuta.

Ranar biyu ga azumi ya zo gidanmu da wuri don mu sha ruwa tare. Bayan la'asar yana zaune a kujera gumi na tsiyaya daga goshinsa, alhali sanyi ake yi. Ya ce min tururuwa sun cika bango. Na duba, babu komai. Kafin in juyo ya sanƙare, ya zame ƙasa, jikinsa yana fizga kamar mai farfaɗiya. Zainab tana salati, ni kuma na kira motar asibiti ina in'ina da Turancin da nake taƙama da shi.

A kan gadon taya ya kwana a lungun asibiti, muna jiran gurbi. Da safe wata likita ta ja ni gefe ta tambaye ni nawa yake sha a rana. Na ɗauka ruwa take nufi. Da na gane, dariya na yi, na ce mata Musulmi ne, azumi ma yake yi. Ta ce ai azumin ne ya kawo shi nan, domin jikin da ya saba da giya kullum, in aka yanke masa ita rana ɗaya haka yake yi, wani ma ba ya tashi. Na fara ɗaga murya. Sai na ji muryar Yaya daga kan gado.

"Furofesa, ƙyale ta. Gaskiya take faɗa. Shekara tara."

Ashe tun bayan mutuwar aurensa ya fara, da ragowar da baƙi ke bari a kofi. Wannan azumin ya ɗauri niyyar tuba, ya zubar da duk abin da ke ɗakinsa daren farko, bai gaya wa kowa ba. Duk mai irin wannan a gida ya ji ni da kyau: kada a yanke rana ɗaya ba likita. Niyyar Yaya mai kyau ce, kuma saura ƙiris ta kashe shi.

Kwana goma ya yi a kwance. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi maganin da ya kwantar da karkarwar, aka ɗauki hoton cikinsa. Likitar ta ce hantarsa ta yi tabo ta taurare. Abin da ya rage mai aiki zai riƙe shi in ya daina, in kuma ya koma, ba ta yi mana alkawarin komai ba. Nas ɗin ɗakin, Allah Ya saka musu, ba wadda ta taɓa yi masa kallon banza, abin da ni ƙanensa na kasa. Ga 'yan gida a Kano kuwa cewa muka yi ciwon shawara ne. Gwaggo Asabe ta dinga aiko saƙon murya, a dafa masa ganyen gwanda, a ba shi rake, kuma ko da wasa kada a bari a yi masa allura, don allura kashe mai shawara take yi. Ina saurare ina kallon allurar da ke hannunsa ina cewa to, Gwaggo. Wani abokina na masallaci ya kawo zuma da habbatussauda. Na karɓa na yi godiya.

Da aka sallame shi na dawo da shi gidana, aka haɗa mu da wani ƙaramin asibitin masu fama da shaye-shaye, tafiyar ƙafa daga tashar Barking. Duk Talata da safe. Na soke duk aikin da nake da shi ranar Talata. A zuwan farko nas ɗin da ke kula da shi, wata dattijuwa mai gilashi a wuya, ta ce za ta nemo mana tafinta ta waya. Na ce ina dalili, ga ni? Sana'ata ce. Gaskiyar magana kuma ba na son wani Bahaushe a Landan ya ji sirrinmu.

Ta fito da takarda mai tambaya biyar, ta ce duk sati za a yi masa su, kowace amsa daga sifili zuwa shida. Da ita suke auna abin da ta kira craving, da ita kuma suke sanin wa ke buƙatar magani da ƙarin zama. Kalmar nan ita ce ta zauna min a kai har yau. Nan take na lalubo Hausarta. Kwaɗayi na yara ne da nama. Marmari na mai ciki ne, ko wanda ya daɗe bai ci dambu ba. Jaraba ta zo min, kuma na san ta fi kusa, amma ta yaya zan dubi wanda ya ciyar da ni in ce masa jarabarka ta kai nawa? Sai na ɗauko mai tsabta. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, wai a satin nan sau nawa ka ji sha'awar giya?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Sha'awa? A'uzu billahi. Wallahi ba na sha'awarta. Ko warinta na tsana."

Na ce wa nas sifili. Tambaya ta biyu, ƙarfin sha'awar, sifili. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, duk haka. Na fito ƙirjina a buɗe. Na ce a raina, ai jinin gidanmu ne, kuskure ya yi kuma ya tuba.

A ɗakin jira muka fara ganin Lam. Ɗan Caina ne, siriri, ya ba sittin baya, kullum da matarsa da fulas ɗin shayi. Yana zaune kusa da Yaya sai ya kalli hannun Yaya, ya naɗe hannun rigarsa shi ma, ya nuna masa. Tabon ƙuna iri ɗaya, layi-layi, na bakin tanda da man suya. Lam ya ce, "Kitchen?" Yaya ya ce, "Kitchen." Lam ya ce, "Hot, hot, behind!" Suka fashe da dariya har mai karɓar baƙi ta ɗago kai. Wata biyu ban ji dariyar Yaya ba, sai ga ta a gaban mutumin da bai san sunansa ba.

Shi Lam ba nas ɗinmu ce ke yi masa tambayoyin ba. Wata matashiya ce 'yar ƙasarsu, mai bincike daga jami'a, take zuwa musamman saboda marasa lafiya masu jin Sinanci. Takardarsa da rubutunsu take, bugaggiya tsaf. Takan shige da shi ɗaki su yi rabin awa, ina jiyo muryarsu ta ƙofa tana hawa tana sauka, wani lokaci a yi shiru mai tsawo. In ya fito idonsa ja, matarsa tana share hawaye. A sati na biyu ta nuna min takardar da ɗan Turancinta, lambobi biyar, shida, biyar. Na yi mata jaje da baki, a zuciya kuwa ina cewa Allah na gode, namu sifili ne.

Sati na uku aka sa Lam a magani, aka ƙara masa zama ranar Juma'a, aka ba shi lambar da zai kira. Mu kuwa minti goma an gama da mu, nas ta yi murmushi ta ce Yaya na ƙoƙari. Nan tausayin da nake yi wa Lam ya juye. Na fara lissafi: shi rabin awa, mu minti goma. Shi da harshensa a buge a takarda, mu sai bakina. Shi da mai bincike da ke kawo masa biskit, mu ko ruwa. Kishi nake ji, ba wani suna da zan ba shi. Na tare matashiyar a bakin ƙofa na ce mata ina ta Hausa? Mu ma miliyoyi ne.

Ta amsa min da ladabi. Ta ce babu tukuna, kuma tasu ma ba a gama tabbatar da ita ba, shi ya sa take zuwa. Wani ne ya fassara ta zuwa Sinanci, wani daban da bai taɓa ganin ta Turancin ba ya mayar da ita Turanci, aka gwada biyun, aka yi ta gardama a kan kalma ɗaya, sannan aka zauna da marasa lafiya ana tambayarsu me suka fahimta. Na ce mata tambaya biyar ce fa, ni a minti biyar na fassara tawa. Ta ce, "Kai, ka yi sauri." Na ɗauka yabo ne.

A gida Yaya ba ya magana. Yana sallah, yana cin abin da Zainab ta dafa ba gishiri, yana shan ruwa kofi bayan kofi har na fara tsokanarsa cewa zai ƙarar wa Barking da ruwa. Da asuba nakan tarar da shi a kicin tsaye a gaban famfo. Amma ranar Talata tun kafin in gama shiri ya sa takalmi. Shi da Lam sukan fita waje su zauna a kan dakalin siminti, fulas a tsakaninsu, suna nuna wa juna hotunan abinci a waya. Kalmominsu duka ba su kai talatin ba. Ni mai harshe biyu ina tsaye a bayan gilashi ina kallonsu kamar direban da aka ce ya jira. Na gaya wa Zainab cewa ban yarda da abotar nan ba, mashayi ba ya gyara mashayi. Ta ce, "Abban Hanifa, tsohon nan me ya tsare maka?" Na ce ba komai, na shige ɗaki.

Sati na shida nas ta jera takardunmu shida a tebur, sifili daga sama har ƙasa. Ta ce ba ta cika ganin haka ba. Ta sake tambaya ko akwai abin da yake so ya ƙara, na fassara, ya girgiza kai. Ta ce to babu buƙatar magani, kuma daga yanzu sau ɗaya a wata ya isa. Na yi mata godiya har da riƙe hannu. Sai da muka kusa gida Yaya ya ce, "Shi Lam zai ci gaba da zuwa duk sati?"

"Shi ai bai warke ba," na ce. "Kai ka warke. Ko so kake ka dawwama a layin mashaya?"

Na ji daɗin raba su, kuma wannan na cikin abin da Yaya ya ce kada in goge.

Sati na takwas ya koma ɗakinsa a Dagenham, na tara ya koma aiki. A sati na goma sha ɗaya, ranar Alhamis da azahar, ina tsakiyar tafinta a wani ofis aka kira ni daga kicin ɗinsu. Ya yi aman jini a gaban tukunya ya faɗi. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ban san tashoshin da na wuce ba. Jijiyoyin maƙogwaronsa ne suka fashe saboda hantar ta toshe wa jini hanya. Aka yi masa ƙarin jini leda huɗu, aka zura masa na'ura ta baki aka ɗaure jijiyoyin. Kwana biyu ba mu san inda za a kwana ba. Likitan da ya fito ya ce ya yi sati biyu yana sha, kuma jiki ba ya yawan ba da dama ta uku.

Wayar Yaya tana hannuna, sai ga kira, an rubuta LAM da manyan baƙaƙe. Na ɗauka na gaya masa. Ya ce wane ɗaki? Na ce 'yan'uwa kawai ake bari, wanda ƙarya ce. Kwana uku bayan nan na dawo daga sallar azahar na tarar da shi zaune a gefen gadon, matarsa tana buɗe kwanon kunun shinkafa. Ɗaki-ɗaki suka bi suna tambaya har suka same shi. Na ce a tsaya, me aka sa a ciki? Matar ta gane nufina, ta ce shinkafa ce da citta, ba nama ko kaɗan. Yaya, wanda ya ƙi taɓa kunun gyaɗar da Zainab ta dama da safe, ya sha cokali bakwai. Ƙirgawa na yi.

Sai Lam ya zaro takardarsa ta wannan satin daga aljihu, a ninke. Ya nuna wa Yaya lambobinsa, biyu, uku, biyu, yana murmushi. Sannan ya ɗora yatsa a kan wata kalma da ta maimaitu a kowace tambaya. Alama biyu ce, ta farkon tana da ɗigo uku a gefenta. Ya taɓa ɗigon ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Water." Ya kama maƙogwaronsa, ya zaro harshe, ya ce, "Dry. Dry." Ya nuna Yaya da yatsa, ya buɗe tafin hannu yana tambaya, nawa?

Yaya ya daɗe yana kallon takardar. Ya ɗaga hannun da ba allura, yatsu biyar. Ya ɗago ɗayan da ƙyar, da robar ruwan da komai, ya ƙara ɗaya.

Sannan ya juyo gare ni. "Nasiru." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Wai abin da matar nan take tambaya ke nan duk Talata? Ƙishi?"

Na ce kusan haka ne.

"Ai kai sha'awa ka ce."

Na ce duk ɗaya ne, Yaya.

"Ina fa ɗaya? Sha'awa ai abin da kake so ne. Kilishi nake sha'awa. Ganin Kano nake sha'awa. Wannan ban taɓa sonta ba, ina sha ina kuka. Ƙishi ne, wanda ko randa ka shanye ba ya tafiya. Shi ke tashina tun kafin asuba. Da ka ce min ƙishi, da tun ranar farko na ce maka shida." Ya numfasa. "Ko da yake ban sani ba. Kai ne ke tambayar, kanka a ƙasa. Ina ganin yadda kake murna in na ce babu."

Zan so in rubuta cewa nadama ce ta fara zuwa min. Ba ita ba ce. Abin da na fara ji shi ne, wannan tsohon mai soya taliya, da ɗigo uku da harshe a waje, ya ciro daga bakin yayana abin da ni na kasa da digiri biyu, a harshen da muka sha a nono ɗaya. Na fita na tsaya a bakin lif ina huci. Nadamar sai a jirgin ƙasa ta same ni, wajen West Ham, ta kuma same ni da kyau, har wata mata ta miƙo min tishu. Da na gaya wa Zainab duka, ta ce, "Shi ƙishi, kai kishi. Ƙugiyar harafi ɗaya ce ta raba ciwonku, amma shi nasa an san maganinsa." Ban yi mata magana ba har washegari.

Talatar da ta biyo na je wurin nas ni kaɗai na gaya mata cewa sifilin nan talatin nawa ne, ba nasa ba. Ta cire gilashinta ta ce laifin har da nata, bai kamata ta bar ɗan'uwa ya yi tafinta ba, kuma sifili shida a jere ya isa ya sa ta shakka. Na gode mata da ba ta ɗora min duka ba, amma har yau ina jin haushin cewa da ta dage ranar farko, da ban samu ƙofar yin taurin kai ba. Na nemi matashiyar mai bincike ita ma na janye maganar minti biyar. Ta tambaye ni kalmar da ta yi aiki, na gaya mata. Ta ce kada in yi saurin riƙe ta ita ma, wataƙila wani Bahaushen ba ƙishi zai kira nasa ba, sai an tambayi masu ciwon.

Bayan sati uku aka sallami Yaya. Aka sa shi a maganin da hantarsa za ta iya ɗauka, aka mayar da shi zama biyu a sati, aka samo tafinta ta waya, wani mutumin zangon Kumasi ta Ghana. Ni a waje nake jira yanzu, kusa da matar Lam. Wata rana na jiyo muryar mutumin ta ƙofa yana cewa, "Baba, yau ƙishin ya kai nawa? Faɗi gaskiya, ba wanda zai ci ka tara." Hausarsa ba ta bambanta mace da namiji, da a jarrabawa ne da na kayar da shi. Yaya kuwa ya ce masa biyar, ya kuma yi ta bayani har minti ashirin.

Yau wata bakwai ke nan bai sha ba. Hantar ba za ta dawo ba, cikinsa yakan tara ruwa a je a zuƙe, kuma ya bar aikin kicin. Lambarsa takan sauka uku ta koma biyar. Abin da zan ce wa masu jinya kaɗan ne. Kada ku yi wa naku tafinta a irin wannan ciwo, ko da ku kuka rubuta ƙamus. Kada ku zaɓi kalma don ta fi tsabta. In kuma amsar da kuke samu ta yi muku daɗi da yawa, ku sake tambaya ta wata hanya.

Saura abu ɗaya da Yaya ya ce lallai in sa. A watan jiya nas ta ce za a cike takardar shirin ko-ta-kwana, wato abin da zai yi in ƙishin ya taso masa gadan-gadan. Likita ya riga ya gaya mana cewa sha ɗaya na iya zama na ƙarshe, don haka takardar ba wasa ba ce. Ranar an yi ta kiran layin tafinta ba a samu mai Hausa ba. Nas ta tambayi Yaya ko ya yarda in shigo, ya ce in shigo. Ta ce in faɗi abin da ya faɗa kawai, ba ragi ba ƙari. Na ce na yi alkawari.

Ta ce, wa zai fara kira in abin ya kai shida? Na fassara, na gyara zama, har na fara karanto mata lambata a zuci.

Yaya ya ce, "Lam."

Na ce mata Lam. Ta rubuta. Ni na buɗe wayar Yaya na karanta mata lambar, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce akwai gurbin dangantaka, me za ta sa, mene ne shi a wurinsa? Na fassara.

Yaya bai kalle ni ba. Ya ce, "Ɗan'uwana ne."

Friend, wato aboki, tana kan harshena. Ba wanda zai kama ni, Bahaushe yakan kira kowa ɗan'uwa, kuma a kotu ma da na kare fassarar. Nas ta ɗaga biro tana jira. Yaya ya san kalmar friend, ya kuma san ɗayar, tana cikin 'yan kalmomin da kicin ya koya masa. Yanzu ya ɗago yana kallon bakina.

Na ce, "Brother."

Ta dubi sunan, ta dube ni, ta rubuta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma ba masu jinya ikon faɗin abin da aka ce, ko da ba shi suka so ji ba.